WASAN DARA A RAMIN YAƘI

Jama'a, duk wanda ya taɓa tsayawa gindin ɗurumi da la'asar ya kalli dattawa biyu suna dara, ya san ba a yinta da garaje. Wannan ya ɗauki ɗansa ya ajiye, ya naɗe hannu. Wancan ya yi tsit yana duban gurabe har a yi tsammanin gyangyaɗi ya ɗauke shi, can sai ka ga ya miƙa hannu ya motsa nasa. To, cikin wasannin kwamfuta na zamanin nan akwai wani kashi da aka gina bisa wannan ƙa'ida, watau ka yi, abokin gaba ya yi, ba mai motsi sai yinsa ya zo. Saurin yatsa ba shi da amfani a nan, sai dabara da lissafi. Ɗaya daga cikin irinsu mu ke so mu ba ku labari yau, mu kuma faɗi inda muka ga ya yi kyau da inda ya gaza.

Sunansa Call of Cthulhu: The Wasted Land. Farkon sunan yana nufin kiran wani dodo da a ke ce wa Kutulu, ƙarshensa kuwa in za a faɗa da Hausa sai a ce kufai, ƙasar da aka cinye aka watsar. Wani ƙaramin kamfani mai suna Red Wasp Design, a birnin Bristol na ƙasar Ingila, shi ya fito da shi a farkon shekarar 2012 don masu iPhone da iPad, sa'an nan cikin wannan shekara aka fitar da na kwamfuta da na wayoyin Android. Ba sabo ba ne ke nan, kuma ko a lokacinsa bai yi tashen da manyan wasanni su kan yi ba. Abin da ya sa muka tono shi, masu shi sun yi ƙarfin hali sun ɗauki Yaƙin Duniya na Farko, wanda ya ci sojoji kusan miliyan 10 tsakanin 1914 da 1918, suka mai da shi filin wasa, suka kuma zuba dodanni a ciki. Ya kamata mai hankali ya tambaya, shin wannan wasa ne da kaburburan mutane, ko kuwa akwai wani abu na gaskiya da a ke iya tsinta a ciki? Tambayar ta fi shafar malaman makaranta, don kuwa akwai yaran da a irin waɗannan wasanni su ke fara jin labarin yaƙin, tun ba su buɗe littafin tarihi ba.

Mu nan abin da muka fi sani na wannan yaƙi shi ne fagen Kamaru, inda sojojin Nijeriya suka yi ta fama da Jamus a Garwa da dutsen Mora har farkon 1916. Na Turai ta yamma dabam ne. Can, kafin shekarar 1914 ta ƙare, rundunonin sun kasa ture juna, sai ko wane ɓangare ya haƙa ramuka ya shige, ya kewaye gabansa da waya mai ƙaya, ya kafa bindigogi masu ruwa. Ramukan nan suka miƙa tun daga bakin teku a ƙasar Beljiyam har iyakar Suwizalan, tafiyar mil 400 da ɗoriya. Tsakanin ramin wannan da na wancan akwai fili wanda ba na kowa ba, igwa ta nome shi ta sake nomewa har ya zama taɓo da gawawwaki. A wannan fili, cikin shekarar 1915, aka kafa labarin wasan.

Yadda A Ke Yinsa

Mai wasa yana duban filin daga bisa kamar shirwa. An raba ƙasar gida gida kamar guraben dara, shi kuwa yana da 'yan mutane ƙalilan a hannunsa, waɗansu sojojin Ingila ne, waɗansu farar hula da hali ya haɗa su. Akwai wani Kyaftin Hill, da wani shaihun malami Farfesa Brightmeer wanda ya san asirin dodannin, da wata mace Emma Gold. In yin mai wasa ya zo, ko wane mutum nasa a kan ba shi wani kaso na maki, da su zai sayi duk abin da zai aikata a wannan zagaye. Taku da kuɗinsa, harbi da kuɗinsa, ɗaure wa ɗan'uwa rauni ma da kuɗinsa. Wanda ya ƙara maki ya daidaita saiti, harbinsa ya fi samun wuri, amma fa ya rage abin da zai koma cikin rami da shi. Wanda kuma ya yi tsimi ya bar saura, in abokin gaba ya gilma gabansa a lokacin yin wancan, yana iya sakar masa harsashi.

Duk akawun da ya taɓa riƙe littafin kuɗi, ya ga wata bai yi nisa ba amma abin da aka ware ya kusa ƙarewa, zai gane wannan wasa nan take. Mu ɗauka sojanka yana tsakiyar fili, makinsa ya isa ya kai shi rami, ko kuwa ya isa harbi biyu, amma bai isa duka ba. Can gefe ga ɗan'uwansa ya faɗi, in ba a kai masa akwatin magani cikin 'yan zagaye kaɗan ba ransa ya fita. Wanne za ka saya? Ba agogon da ke matsa maka, kana iya ajiye wayar ka sha ruwa ka dawo. Wannan jinkiri kuwa shi ne ke da nauyi, don in abin ya ɓaci ba ka da ta cewa hannunka ne ya yi sanyi. Kai ka zauna ka yi lissafi, kai ka tura shi.

A nan muka fara yaba wa masu wasan. Sun lura da ƙananan abubuwan yaƙin. Rami yana kare mutum, fili yana tona shi. Tsakanin wannan fage da na gaba a kan buɗe maka ma'ajin kayan soja ka sayi makamai da magani da abin da ka tara, ka kuma ƙara wa mutanenka gwaninta a fannin da ka zaɓa. Har tantabara akwai, ka sake ta ta kai saƙo baya, igwa ta amsa da ruwan wuta inda ka nuna. Wannan ba ƙage ba ne. A wancan zamani rediyo kaya ne mai nauyi, wayar tarho kuwa kullum harsashin igwa na tsinke ta, sabo da haka rundunonin duka suka riƙa kiwon tantabaru dubbai don kai wasiƙa. Sai dai tantabarar wasan ta fi ta gaske sauri nesa ba kusa ba.

Ma'aunin Hankali

Abin da ya raba wannan wasa da sauran 'yan'uwansa shi ne, ko wane mutum a ciki yana da ma'auni biyu. Ɗaya na lafiyar jiki, wanda harsashi da banati su ke ragewa. Ɗaya na hankali, wanda abin da ido ya gani ke ragewa. In soja ya yi arangama da abin da bai kamata ɗan Adam ya gani ba, ko ya karanta tsafin da ke cikin littattafan farfesan don ya yaƙi dodo da shi, sai hankalinsa ya zube kaɗan kaɗan kamar ruwa a fasasshen tulu. Ran da ya ƙare, ɗayan biyu ne. Ko mutumin ya sandare wuri ɗaya ya kasa ɗaga ko yatsa, ko kuwa ya zauce, ƙarfi ya zo masa fiye da na kullum, ya yi ta ɓarna 'yan zagaye kaɗan sa'an nan ya yanke jiki ya faɗi. Maganinsa shi ne wani daga cikin abokansa ya zo kusa da shi da littafin ilmin warkar da zuciya ta hanyar magana, ya lallashe shi, ma'aunin ya sake hawa.

Ba su suka ƙago wannan ma'auni ba. Asalinsa wani wasan tebur ne na takarda da fensir da ƙwayoyin jefawa irin na ludo, wanda Sandy Petersen ya tsara, kamfanin Chaosium na Amurka ya buga a 1981, kuma da izinin wannan kamfani aka yi na wayar. Amma da suka ɗauko shi suka ajiye a ramukan 1915, sai ya zauna daram kamar don wurin aka yi shi. Ga dalili.

A watan Fabrairu na wannan shekara ta 1915 wani likitan sojan Ingila, Charles Myers, ya rubuta a mujallar likitoci ta The Lancet game da wata cuta da a ke ta kawo masu ita daga bakin daga. Mutum ba rauni ko ɗaya a jikinsa, amma ga makyarkyata ba tsayawa, wani ya bebance, wani ya daina gani alhali idonsa lafiya lau, wani ƙafafunsa su ƙi ɗaukarsa. Da fari an zaci ƙarar fashewar harsashin igwa ce ke girgiza ƙwaƙwalwa, sabo da haka aka sa mata suna mai ma'anar girgizar harsashi. Daga baya aka lura har wanda harsashi bai fashe kusa da shi ba yana kamuwa. Kafin yaƙin ya ƙare rundunar Ingila kaɗai ta rubuta masu wannan cuta wajen 80,000. Manyan hafsoshi da yawa ba su yarda cuta ce ba, a ganinsu ragwanci ne. Akwai sojoji 306 na Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta waɗanda aka ɗaure aka harbe bisa laifin gudu daga fage, ko tsoro, ko makamantansu, kuma an tabbata waɗansunsu marasa lafiya ne. Sai a shekarar 2006 gwamnatin Ingila ta yafe musu gaba ɗaya, bayan shekara kusan 90.

To, ka ga abin da wasan ya yi daidai. Ya ɗauki tsoro ya sa shi a littafin lissafi kusa da harsashi da magani. Bai mai da shi abin kunya ba. Jarumi da rago duka ma'auninsu na sauka, bambancin kawai wani ya fi wani daɗewa. Hafsan da ya yi banza da wannan shafi na littafin, ya yi ta tura mutum ɗaya gaba don shi ya fi iya harbi, zai wayi gari gwaninsa ya sandare a tsakiyar fili. Mun yi wannan kuskure ba sau ɗaya ba, mun kuwa biya. Yaron da ya buga wasan nan zai fita da fahimtar da manyan janarori na 1915 suka daɗe ba su samu ba, cewa zuciya ma guzuri ce, tana ƙarewa.

Amma nan kuma ƙaryar farko ta ke. A wasan, zagaye ɗaya da littafi ɗaya sun isa su mai da zautacce garau, ya ɗauki bindigarsa ya ci gaba. Gaskiya ne akwai likitocin da suka yi magani da magana, kamar W. H. R. Rivers a asibitin Craiglockhart kusa da Edinburgh a 1917, wanda ya kan zauna da hafsa ya sa shi ya faɗi abin da ya ke gudun tunawa. Sai dai wannan aikin watanni ne, kuma hafsoshi suka fi samunsa. Ƙananan soja da yawa wutar lantarki aka riƙa jona musu don a tilasta su magana ko tafiya. Shekaru da yawa bayan sulhun 1918 akwai dubbai da ba su komo daidai ba. Mun san dalilin masu wasan, in suka bar mutum ya zauce har abada ba mai iya kai wasan ƙarshe. Duk da haka da sun bar ko ɗan tabo, a ce wanda ya taɓa zaucewa ma'auninsa ba ya sake cika kamar da, da sun fi kusa da gaskiya, da kuma wasan ya fi daɗin dabara.

Hayaƙi Da Dodanni

Fagagen farko na wasan, inda abokan gaba sojojin Jamus ne, mutane kamar naka, su ne suka fi tsaya mana a rai. A nan ne za ka ga hayaƙi mai guba kwance a ƙasa ya tare hanya, wanda ya shiga ba takunkumi lafiyarsa ta yi ta zuba. Ka duba mutanenka ka ga ba duka ke da takunkumin ba, hanyar kewaye kuwa ta bi ta gaban bindiga mai ruwa.

Wannan hayaƙi yana da ranar haihuwa. Ran 22 ga Afrilu, 1915, da yamma, kusa da garin Ypres na Beljiyam, Jamus suka buɗe tukwanen ƙarfe fiye da 5,000, suka saki iskar kulorin wajen tan 168, iska ta kora ta zuwa ramukan Faransa. Waɗanda ta fara riska, da yawansu 'yan Afirka ne, sojojin Aljeriya da ke yi wa Faransa yaƙi. Suka ga gajimare kore-kore mai ruwan ɗorawa yana rarrafowa bisa ƙasa, ba su san ko mene ne ba, sai da ya cika ramukan ya shiga huhunsu. Aka sami giɓi na wajen mil 4 a layin. Bayan kwana 2 aka sake sakar wa sojojin Kanada, su kuwa ba su da abin kariya sai tsumma da suka jiƙa suka toshe hanci. Ingila ta yi Allah wadai, sa'an nan ran 25 ga Satumba na wannan shekara ita ma ta saki nata a Loos, a waɗansu wurare iska ta juya ta komo da shi kan mutanenta. Kafin a gama yaƙin, iska mai guba iri iri ta kashe mutum wajen 90,000, ta raunana fiye da miliyan 1. Wanda ya shugabanci aikin a wajen Jamus kuwa wani babban masanin haɗa magunguna ne, Fritz Haber, mutumin da ya gano hanyar da a ke bi har yau a yi takin zamani. An ba shi kyautar Nobel ta shekarar 1918 sabo da wannan binciken.

Mun tsaya a kan wannan ne don mai karatu ya riƙe shi a zuciya in mun zo kan dodanni. Labarin wasan ya ce akwai wani mugun likita Bajamushe, Kaul, shugaban wata ƙungiyar asiri, wanda ke tattara gawawwakin fage yana tashinsu don ya haɗa rundunar da zai buɗe wa tsofaffin dodanni ƙofar duniya. Da labarin ya yi nisa sai sojojin Jamus su ragu, matattu masu tafiya su yawaita, daga nan gizo-gizo mai girman sa, daga nan waɗansu halittu kamar kututturen itace mai hannuwa barkatai.

Matattun nan mun karɓe su. Rundunar da ke ɗinke wanda ya ji rauni ta komar da shi rami, ya sake jin rauni ta sake ɗinkewa, ba ta yi nisa da likitan da ke tashin gawa ya ba ta bindiga ba. Ran 1 ga Yuli, 1916, a bakin kogin Somme, Ingila ta yi hasarar mutum 57,470 cikin yini guda tsakanin matattu da masu rauni da ɓatattu, 19,240 daga ciki matattu, aka kuma ci gaba da wannan karo har Nuwamba. Wanda ya san haka, in ya ga gawa sanye da kakin soja tana jan ƙafa cikin taɓo, ya san abin da a ke nufi.

Gizo-gizon da sauran kuwa, nan wasan ya fara sanyi. Karo na farko da ka gan su gabanka ya faɗi. Karo na uku ka riga ka san harsashi nawa ko wanne ke ci, da makin hankali nawa ya ke karɓa, ya zama shafi a littafin akawu kamar sauran. Dodon da a ke iya ƙirgawa ya tashi daga dodo. Balle kuma a fuskar waya, inda babbansu bai fi kan ɗan yatsa ba. Hayaƙin nan kuwa har ƙarshe bai daina ba mu tsoro ba, don mun san an yi shi, mun san ranar, mun san sunan wanda ya yi. Akwai kuma wata illa da ta fi wannan. Da zarar an ce masifar duka aikin wani mahaukacin likita ne da dodanninsa, sai laifi ya sauka daga kan masu hankali. Alhali kuwa waɗanda suka shirya Ypres da Loos da Somme ba mahaukata ba ne, masu digiri ne da masu anini a kafaɗa, suna zaune a ofis da taswira, suna duban filin daga bisa, daidai inda wasan ya zaunar da mai yinsa.

Dodannin na wani marubuci ne Ba'amurke, H. P. Lovecraft, wanda aka haifa a Providence a 1890, ya mutu can cikin talauci a 1937. Labarinsa na Kutulu ya fito a 1928. Kafin wannan, a 1922, ya buga wani mai suna Herbert West, Reanimator, labarin likita mai tashin matattu, wanda kashi ɗaya nasa ya faru a asibitin soja a Beljiyam cikin 1915, daga nan ne masu wasan suka ɗebo irinsu. Shi kansa Lovecraft bai taɓa ganin ramin yaƙi ba. Ya nemi shiga soja a 1917, mahaifiyarsa ta shiga ta fita har aka sallame shi. Gwanintarsa ita ce ya ƙi siffanta abin tsoro sosai, ya bar mai karatu ya ƙarasa da kansa, wannan kuwa abu ne da hoto ba ya iyawa.

Ba za mu wuce shi ba sai mun faɗi abin da ya wajaba masu karatunmu su sani. Mutumin nan ya ƙi jinin baƙar fata ƙiyayya mai tsanani, ya kuma rubuta ta a fili, har cikin wannan labari na likita akwai inda ya siffanta wani baƙin ɗan dambe da kalmomin da ba za mu maimaita ba. Shekara da shekaru wata babbar kyautar marubuta, World Fantasy Award, gunkin kansa a ke miƙa wa wanda ya ci. Da Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin Nijeriya a Amurka, ta ci kyautar a 2011, ta rubuta yadda ta ji da ajiye fuskar irin wannan mutum a ɗakinta. Maganar ta yi ta girma, bayan 2015 aka daina ba da gunkin. Ba mu ci karo da wannan ƙazanta cikin wasan ba, amma wanda wasan ya kai shi ga neman littattafan ya tafi da saninsa.

Sauran Aibobi

Akwai ƙananan abubuwa da su ke ɓata rai. A waya gidajen ƙanana ne, yatsa kuwa babba, sai ka nufi wannan gida ka taɓa na kusa da shi, sojanka ya fita fili ya tsaya. A wasan da ko wane maki ke da daraja, wannan ba ƙaramin abu ba ne, na kwamfuta ya fi sauƙi ta nan. Abokan gaba ba su da wayo ƙwarai, yawanci kansu tsaye su ke zuwa, abin da su ke taƙama da shi yawa ne, ka kashe waɗannan waɗansu su ɓullo daga gefen fili. Yaƙi ɗan zamba ne, in ji mutane, amma zambar nan ba ta da yawa a wajensu. Launin wasan kuma ƙasa-ƙasa ne bisa ƙasa-ƙasa, ko da ya ke a nan ba mu ga laifinsu ba, haka filin ya ke. Labarin a rubuce a ke ba da shi, gajere gajere, da Ingilishi, mutanen cikinsa kuwa ba a ba su zurfin da mutuwarsu za ta yi ciwo sabo da su kansu ba, sai sabo da makin da ka zuba a kansu.

Wanda ya saba da manyan wasannin wannan kashi zai ga ƙanƙantarsa. Hanyar sayen motsi da maki, da sojan da tsoro ke sa shi ya yar da bindiga, Julian Gollop ya riga ya gwanance musu a wasansa na X-COM tun 1994. A watan Oktoba na 2012 kuma, watanni kaɗan bayan fitowar namu, kamfanin Firaxis ya sabunta wannan da kuɗi masu yawa, ya rufe kasuwar. A 2018 wani kamfanin na Bristol, Auroch Digital, ya fito da ƙanen namu, Achtung! Cthulhu Tactics, wanda ya kai dodannin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya fi shi kyan gani, amma a ganinmu bai kai shi nauyi ba, don babu wannan haɗuwa ta ma'aunin hankali da shekarar da aka fara ba cutar suna.

Mai da yaƙi wasa ma ba yau aka fara ba. Tun 1824 rundunar Furusiya ta karɓi wani wasan taswira da 'yan guntayen ƙarfe don horar da hafsoshinta. A 1913 kuma marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, mai ƙin yaƙi, ya buga ɗan littafi na ƙa'idodin yaƙi da sojojin dalma a daɓen ɗaki, yana ganin wanda ya gwada ƙaramin zai gane wautar babban. Shekara ɗaya tak bayan haka babban ya zo.

In malami ya tambaye mu ko ya bar ɗalibansa su yi wannan wasa, sai mu ce ƙanana dai a'a, akwai gawa da jini da tsafi. Manya kuwa ba laifi, wasa ne mai kyau daidai girmansa, yana koya haƙuri da tattali, kuma rabinsa na farko ya fi littattafai da yawa sa mutum ya ji ƙuncin ramin. Sai dai malamin ya zauna da su bayan sun gama, ya ware musu abin da aka ƙaga daga abin da aka yi. Zai ga abin mamaki, yawancin yara za su ɗauka tantabarar da hayaƙin su ma ƙage ne.

Kufan nan da aka sa wa wasan sunansa kuwa yana nan. Har yau manoman kewayen Ypres da na arewacin Faransa, in sun yi huɗa, garma ta kan tono harsasan igwa da ba su fashe ba, su ɗauka a hankali su jera a bakin gona, motar soja ta bi ta kwashe. A Beljiyam, waɗanda ke da guba a ciki a kan kai su wata ma'aikata ta soja a Poelkapelle, can a ke lalata su ɗaya ɗaya. A watan Maris na 2014, shekara 2 bayan fitowar wasan, ɗaya daga cikin irin waɗannan harsasai ya fashe a wani wurin gini a Ypres, ya kashe ma'aikata 2.